Noman Murjani A Akwatin Gilashi: Yadda Mai Saye Ya Zama Mai Sayarwa

A cikin watan Mayu na shekarar 2018 ne Ma'aikatar Harkokin Teku da Kamun Kifi ta ƙasar Indonesiya ta daina ba da wata takardar shaidar lafiya, wadda sai da ita ake iya ɗora rayayyen murjani a jirgin sama domin kai shi kasuwannin ƙetare. Takarda ce guda ɗaya, amma hana ta ya tsayar da ciniki cak har na wajen watanni 20, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa ta duniya fitar da wannan haja.

Dillalan Amurka da na Turai sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, farashi kuma ya tashi. Sai dai kasuwar ba ta mutu ba, domin kuwa wani ɓangare na kayan da suka cike giɓin ya fito ne daga inda ba a saba neman haja ba, watau daga ɗakunan masu sayen su kansu. Wannan al'amari ya cancanci nazarin kowane ɗan kasuwa, ko da kuwa bai taɓa ganin teku ba, saboda yana nuna abin da kan faru da mai kawo kaya a ranar da mai saye ya koyi yadda zai samar wa kansa.

Murjanin ado da murjanin kiwo

Murjanin da aka sani a ƙasar Hausa shi ne jan dutsen wuya da mata kan yi ado da shi, wanda kuma Sarkin Benin da hakimansa suka mayar da shi alamar sarauta. Asalin wannan irin daga Bahar Rum yake, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da birnin Naples na ƙasar Italiya ya daɗe da yin suna wajen sassaƙa shi. Abin da ake ratayawa a wuya ƙashin wata halitta ce da ta riga ta mutu.

Murjanin da ake magana a kai a nan ɗan'uwan wancan ne, amma da ransa ake sayen sa. Ko da yake yana kama da tsiro ko dutse, masana kimiyya sun tabbatar da cewa dabba ce. Dubban ƙananan halittu ne ke zaune a manne da juna, kowace na gina wa kanta mazauni da sinadarin farar ƙasa wanda take tsotsa daga ruwan teku. A cikin jikinsu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana wajen sarrafa abinci, ta ci ta kuma ciyar da mai masaukinta. Tudun da waɗannan halittu suka gina a ƙarƙashin ruwa bai kai kashi 1 cikin 100 na shimfiɗar ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da shi.

Masu sha'awa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan kan ajiye wannan halitta a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri a falo ko ofis, domin launinta da kyawun siffarta. Wani rahoto da wata cibiyar Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ne ke da irin wannan akwati a duniya a wancan lokaci, cinikin kifi da murjani da sauran halittun da ake zubawa a ciki kuma ya kai dalar Amurka miliyan 200 zuwa miliyan 330 a shekara. Rahoton ya ƙara da cewa tan ɗaya na rayayyen murjani kan kawo kimanin dala 7,000, alhali kuwa tan ɗaya da aka fasa domin yin farar ƙasa ta gini bai wuce dala 60 ba.

Yadda ake yin dashen

Duk manomin da ya taɓa dasa rogo ko rake zai fahimci wannan sana'a ba tare da dogon bayani ba. Kamar yadda ake yanka karan rogo a binne ya tsiro, haka ake ɓalle reshen murjani wanda bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, da filaya ko ƙaramin zarto, a manna shi da gam a kan wani ɗan faifai na siminti ko na yumɓu, a mayar da shi cikin ruwa. Bayan 'yan makonni sai raunin ya warke, gindin ya malale ya kama faifan, sannan ya fara fitar da rassa. Ita ma uwar da aka ɓalla a jikinta takan warke ta ci gaba da girma, a sake ɓalla a wani karo. Kowane gutsure kuwa kamar uwarsa yake fitowa sak, a siffa da kuma jinsi.

Saurin girma ya danganta da iri. Mai rassa da ake kira Acropora kan iya ƙara santimita 10 ko fiye a shekara idan ya samu yadda yake so a cikin teku, yayin da masu dunƙulalliyar siffa irin ta dutse kan yi shekara guda ba su ƙara abin da ya wuce santimita ɗaya ba. Wannan bambanci shi ne ke raba irin da ake iya nomawa a ci riba da wanda har yanzu aka fi ɗebo shi daga teku.

Wahalar aikin tana wajen ruwa. Dole ne zafinsa ya tsaya a wajajen digiri 24 zuwa 26 dare da rana. Gishirinsa ya zama kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba ne, wani haɗi ne na musamman da kamfanoni ke sayarwa, wanda ake narkawa a cikin ruwan da aka tace tas. Tun da murjani na cinye sinadarin kalsiyam wajen gina ƙashinsa, sai an riƙa aunawa ana ƙarawa domin ya tsaya a kan miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. Ana kuma buƙatar fitila mai ƙarfi da za ta maye gurbin rana, da injinan da za su riƙa kaɗa ruwa kamar igiyar teku ba tare da tsayawa ba.

Daga sha'awa zuwa sana'a

Shekaru 60 da suka wuce, akasarin masu ajiye kifin teku matattun ƙasusuwan murjani suke jerawa a akwatinsu domin ado, saboda an ɗauka cewa mai rai ba ya daɗewa a hannun ɗan Adam. A shekarun 1970 da 1980 ne wasu masu sha'awa a ƙasar Jamus, musamman na birnin Barlin, suka daidaita hanyar tace ruwa da ƙara masa sinadari wadda ta sauya wannan tunani. Sunan Peter Wilkens ya yi fice a wannan fage ta hanyar littattafansa, shi kuwa Dietrich Stüber ya raya wani Acropora a akwatinsa har aka riƙa rarraba gutsattsarinsa ga jama'a, ana kiransa da sunan mutumin. A can tsibirin Hawayi ma, gidan kifi na Waikiki ya yi irin wannan nasara a ƙarƙashin Bruce Carlson.

Da farko kyauta da musaya ake yi tsakanin abokai. Daga baya ƙungiyoyin masu sha'awa suka fara shirya ranakun kasuwa, inda kowa kan zo da gutsattsarinsa ya baje a tebur. Zuwan intanet da kamfanonin da ke kai saƙo cikin kwana ɗaya ya buɗe wa mai akwati ɗaya a ɗakinsa hanyar sayar wa mutumin da ke wata jiha, haka kuma fitilun LED masu ƙarancin cin wuta sun rage tsadar aikin. Kamfanoni ma sun shigo, kamar ORA da aka kafa a jihar Filorida ta Amurka a shekarar 1996, wanda ke kiwon kifin ado da murjani domin sayar wa shaguna.

Lissafin kasuwar

Ta fuskar tattalin arziki, abin lura a nan shi ne haja ce da ke haihuwa a hannun mai saye. Wanda ya sayi atamfa ko siminti zai ƙarar da shi ya dawo kasuwa. Wanda ya sayi gutsuren murjani kuwa, muddin ya iya riƙonsa, bayan shekara ɗaya ko biyu shi ma ya zama mai sayarwa, kuma abokin gasar wanda ya sayar masa.

A ɗauka, a bisa misali, wani ya sayi gutsure ɗaya a kan dala 200, bayan shekara ya ɓalli guda biyar ya sayar. Idan su ma waɗannan mutum biyar suka yi haka, a shekara ta biyu an samu sababbin gutsattsari 25 daga hannunsu, ban da abin da na farkon zai ci gaba da fitarwa. Buƙata ba ta ninkuwa da irin wannan sauri, saboda haka tilas farashi ya sauko. Shi ya sa irin da ya yi tashe a bana kan zama gama-gari bayan 'yan shekaru.

'Yan kasuwar sun nemo wa kansu mafita ta hanyar raɗa suna. Da zarar wani ya samu murjani mai launin da ba a saba gani ba, sai ya laƙaba masa suna tare da tambarin shagonsa, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Masu saye kan bi salsala, kamar yadda masu dawaki kan tambayi asalin doki kafin su taya. Ta haka ne gutsuren da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba kan kai ɗaruruwan daloli, wasu ƙalilan ma dubbai. Amma wannan riba ta farkon shiga ce, ba ta daɗewa. Masu cin riba mai ɗorewa su ne masu sayar da gishiri da fitila da injina da kayan awo, domin kayansu ƙarewa suke yi ko su lalace, kuma kowane sabon manomi sabon abokin cinikinsu ne.

Manoman bakin teku

A ɗaya gefen kuma akwai masu noman murjani a cikin tekun kansa. A wurare irin su Serangan da ke tsibirin Bali, masunta kan kafa teburan ƙarfe a ruwa marar zurfi, su jera gutsattsari a kai, su riƙa goge musu gansakuka har su isa sayarwa bayan wasu watanni. Waɗannan manoma ba sa biyan kuɗin wuta ko na gishiri, rana da teku sun ɗauke musu. Wannan ita ce fifikon da Allah Ya ba su a kan mai akwati a Barlin ko Chicago.

Sai dai fifikon yana zubewa a hanya. Kowane murjani sai an ƙulle shi a leda da ruwansa, a jera a kwalin da ke riƙe zafi, a ɗora a jirgin sama, ya kuma isa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mafi yawan nauyin da ake biya wa kuɗin jirgi ruwa ne. Daga manomi kayan kan bi ta hannun mai fitarwa, da mai shigarwa, da babban dillali, da mai shago, kowa da ladarsa, ta yadda abin da ke shiga aljihun manomi ɗan kaɗan ne daga abin da mai saye na ƙarshe ya biya.

Bayan haka ga takardu. Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Washinton a shekarar 1973 domin sa ido a kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sanya murjani mai ƙashi a rukuninta na biyu. Ma'anar haka ita ce ba a haramta cinikinsa ba, amma ba ya tsallaka iyakar ƙasa sai da izini. Ƙasar Filifin ta hana fitar da murjaninta tun a shekarar 1977. Fiji ta ba da sanarwar nata hanin a watan Disamba na 2017, watanni biyar kafin matakin Indonesiya.

Matakin na Indonesiya, wanda aka ɗauka a zamanin minista Susi Pudjiastuti, bai bambanta murjanin da aka ɗebo daga teku da wanda aka noma ba. Masu goyon bayansa sun kafa hujja da cewa yana da wuya jami'i ya tantance na noma da na ɗiba, kuma ana fakewa da sunan noma a fitar da na ɗiba. Masu suka kuwa sun ce an haɗa mai laifi da marar laifi, an kuma kashe sana'ar da ta ba masunci dalilin kula da tekunsa. Gonaki da dama sun zama kufai, ma'aikata suka watse.

A farkon shekarar 2020, bayan an sauya minista, aka sake buɗe ƙofa ga murjanin noma. Amma kafin nan 'yan kasuwar Ostireliya sun faɗaɗa nasu cinikin, masu kiwo a cikin Amurka da Turai sun ƙara jari, masu saye da yawa kuma sun saba da gutsuren da aka raina a akwati, wanda ya riga ya saba da hasken fitila. Mai kaya ya dawo ya tarar an zauna masa a rumfa.

Jari da haɗari

Kada mai karatu ya ɗauka cewa noman cikin gida kuɗi ne a ƙasa. Jarin farko yana da nauyi, kuɗin wuta kuma ba ya yankewa. Idan wutar lantarki ta ɗauke na wasu sa'o'i, ruwa ya tsaya, iskar da ke cikinsa ta ragu, zafi ya sauya, ana iya rasa aikin shekaru a dare ɗaya. Akwai kuma ƙwari, irin su wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa da ke cin naman Acropora, waɗanda kan shigo a jikin sabon gutsure su bazu. Don haka ƙwararru kan tsoma kowane baƙo a magani, su keɓe shi na wasu makonni kafin su haɗa shi da sauran.

Lafiyar mai aikin ma tana cikin lissafi. Wasu nau'o'i masu laushi da ake kira Palythoa na ɗauke da guba mai tsanani, kuma an sha kwantar da mutane a asibiti a Amurka da Ingila bayan sun kankare ko sun zuba wa duwatsun akwatinsu tafasasshen ruwa. Safar hannu da tabarau wajibi ne ga mai yanka su.

Sabon abokin ciniki

Ɗumamar teku ta fito da wata kasuwar dabam. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani kan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga wannan annoba a faɗin duniya a shekarar 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ba da sanarwar karo na huɗu.

Dabarar da aka ƙware a kanta a falo ita ce yanzu ake amfani da ita wajen gyaran teku. Ken Nedimyer, wanda tsohon mai kamun kifin ado ne, ya kafa wata gidauniya a Filorida a shekarar 2007 domin rainon gutsattsari da mayar da su teku. Dakta David Vaughan, a lokacin da yake aiki a cibiyar binciken teku ta Mote, ya gano cewa idan aka yanka murjani ƙanana ƙwarai, yakan yi saurin girma ninki da yawa. A gidan tarihi na Horniman da ke Landan, Jamie Craggs ya yi nasarar sa murjani ya saki ƙwai a cikin akwati a shekarar 2013, ta hanyar kwaikwayon zagayowar wata da sauyin yanayi. Kamfanin Coral Vita kuwa ya buɗe gona a kan tudu a ƙasar Bahamas a shekarar 2019 da niyyar sayar da aikin gyaran teku, ya kuma ci kyautar Earthshot ta fam miliyan ɗaya a 2021. A lokacin zafin da ya afka wa tekun Filorida a watan Yuli na 2023, cikin tankunan kan tudu aka kwashe dubban gutsattsari domin ceton su.

Duk da haka, masana na gargaɗin cewa dashe ba zai iya maye gurbin abin da zafi ke kashewa ba matuƙar ba a magance ɗumamar kanta ba.

Abin lura ga 'yan kasuwarmu

Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da manyan tudun murjani, saboda laka da ruwan daɗi da Kogin Kwara da sauran koguna ke kwararawa a cikinta. Saboda haka duk mai son shiga wannan harka a Legas ko Abuja sai ya shigo da iri da gishiri da injina da kuɗin ƙetare, ya tanadi wutar da ba ta yankewa, ya kuma nemo na'urar sanyaya ruwa, domin a ƙasarmu zafi ne matsalar. Haka kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar CITES, ta kuma kafa Dokar Soja mai lamba 11 ta shekarar 1985 domin aiwatar da ita, don haka batun izini ba abin wasa ba ne. Wanda bai zauna ya yi wannan lissafi ba, kada ya zuba kuɗinsa.

Amma darasin ya wuce murjani. Ƙasar da ta dogara ga sayar da ɗanyen kaya, ranar da ta yanke wa abokin cinikinta kaya ba tare da shiri ba, ta tura shi neman wata hanya ke nan, kuma in ya samu ba lalle ne ya dawo ba. Ya kamata masu fitar da citta da riɗi da ƙaro da fatu su riƙa tambayar kansu a kai a kai: mene ne zai hana mai saye ya noma da kansa, ko ya koma wajen wani? Su kuma hukumomi, kafin su rufe wata ƙofa ta ciniki domin gyara, wajibi ne su fara tantance mai bin doka da mai karya ta, domin masuncin Serangan da ya bar fasa murjani ya koma dasa shi ya yi asarar watanni 20 a kan laifin da ba lalle ne nasa ba.